Tambayoyin Masu Karatu: Ina Aka Kwana a Batun Insulin na Haɗiya?

A 'yan makonnin nan wasiƙu da dama sun iso wannan fili daga Makka da Jidda da Madina a kan magana guda, wato labarin da ke yawo a wayoyin jama'a cewa masana sun ƙirƙiro insulin, maganin ciwon sukari, da ake haɗiya a maimakon allura. Na zaɓi uku daga cikinsu, kuma ta farkon ce za ta ci mafi yawan filin, domin amsarta ita ce ginshiƙin sauran.

Tambaya daga wata mai karatu a unguwar Hindawiyya, Makka:

"Assalamu alaikum. Malam, mahaifiyata ta haura shekara 65, kuma shekara 12 ke nan tana allurar insulin sau huɗu a rana, uku kafin abinci, ɗaya da dare. Ni nake yi mata, domin idonta ya yi rauni, ba ta ganin lambar da ke jikin alƙalamin allurar. Cikinta duk ya yi gudaji, kuma kwanan nan da ta ga na ɗauko ibra, wato allura, sai ta kau da kai ta ce ta gaji. An turo mini bidiyo a WhatsApp ana cewa Turawa sun zuba insulin a cikin cakulan ta hanyar wata fasaha mai suna nano. Shin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, ana samunsa a Jidda, ko sai an yo mana saƙonsa daga waje?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan hidima, ya kuma ba Mama lafiya da sauƙi. Labarin da kika gani yana da tushe, amma maganin bai kai ga kantin magani ba, a Jidda ko a wata ƙasa, kuma wanda duk ya ce zai kawo muku shi daga waje ba insulin zai kawo ba. Saboda haka Mama za ta ci gaba da allurarta yadda likita ya tsara. Ina so kuma in yi miki bayanin dalilin, domin wanda ya fahimci abin da ya hana a samu wannan ƙwaya tsawon shekara ɗari ba zai ruɗu da kowane bidiyo ba.

A shekarar 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka ciro insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson da ke gab da mutuwa. Tun a shekarun farko likitoci suka gwada ba da shi ta baki, suka ga bai yin aiki. Dalilin shi ne insulin furotin ne, ɗan uwan abin da ke cikin nama da ƙwai da wake, an gina shi da 'yan tubala 51 da aka jera a sarƙa biyu. Cikin ɗan Adam kuwa an halicce shi ne domin ya narkar da furotin, kuma bai san bambancin tsokar rago da maganin Mama ba. Da insulin ya faɗa tumbi, ruwan tsami mai ƙarfi da ke wurin zai warware shi, wani sinadarin narkarwa mai suna pepsin ya fara daddatsa shi, abin da ya tsira ya gangara ƙaramin hanji ya tarar da wasu sinadaran suna jiransa. Wanda ya kuɓuta daga wannan kuma sai ya ci karo da wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangon hanji, a bayan yauƙin akwai ƙwayoyin halitta da suka jeru kafaɗa da kafaɗa, an ɗinke tsakaninsu ta yadda abu mai girman insulin ba zai ratsa ba. A ƙarshe abin da ke isa jini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka haɗiye ba.

A nan ne fasahar nano ta shigo. Nano sunan ma'auni ne: idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kowane gida shi ne nanomita ɗaya, kuma kaurin silin gashin kai ya kai kimanin nanomita 80,000. Abin da masana ke yi shi ne ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi, mafi yawansu daga nanomita 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, a cusa insulin a cikinsu domin su yi dakonsa. Ni 'yan dako nake kiransu idan ina yi wa mutane bayani a saidaliyya, wato kantin magani, domin aikinsu ke nan: su rufe kayan kada ruwan tumbi ya taɓa shi, su ratsa yauƙin hanji, su tsallake bango, sannan su sauke kayan a inda ake bukata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka huɗu matsala ce mai zaman kanta, kuma sau da yawa abin da ya warware ɗaya shi ke dagula ɗaya. Ƙunshin da ke manne wa yauƙi da kyau, alal misali, yakan maƙale a wurin ya kasa ƙarasawa, har jiki ya sabunta yauƙin ya fitar da shi.

Abubuwan da ake ƙera 'yan dakon da su ba baƙi ba ne kamar yadda sunan ke nunawa. Wanda aka fi amfani da shi a bincike shi ne kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, irin ɓawon da ake zubarwa kullum a kasuwar kifi ta Jidda. Kitosan yana manne wa bangon hanji, kuma yana sassauta ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin halitta na ɗan lokaci domin magani ya wuce. Aibinsa shi ne yana narkewa a ruwan tsami, shi ya sa ake haɗa shi da aljinet, wani abu da ake tatsa daga ciyawar teku, wanda shi kuma yakan tsuke ya ƙanƙame a cikin tsami, sai ya isa hanji ya saki. Akwai wani nau'in roba mai narkewa a jiki, dangin wanda ake yin zaren ɗinkin tiyata da shi, zaren nan da ba a warwarewa. Akwai kuma 'yan ƙwallayen maiƙo da ake kira liposom, waɗanda Alec Bangham ya fara bayyanawa a Ingila a shekarun 1960. Wannan nau'i na ƙarshe ya riga ya shiga asibitoci ta wata hanyar: a 1995 Amurka ta amince da maganin daji mai suna Doxil da aka ƙunsa cikin liposom, kuma rigakafin korona na Pfizer da Moderna, wanda da yawanmu muka yi a nan ƙasar, a cikin 'yan ƙwayoyin maiƙo na nano aka naɗe shi. Sai dai duk waɗannan ta allura ake ba da su, ba su bi ta tumbi da hanji ba.

Bidiyon cakulan da kika gani ya samo asali ne daga aikin masana na Jami'ar Sidni ta Ostareliya tare da wata jami'a da ke Tromso a arewacin Nowe, wanda aka wallafa a farkon shekarar 2024. Sun ɗaura insulin a jikin wasu ƙwayoyi na azurfa da farar wuta, waɗanda ƙanƙantarsu ta kai kimanin kashi ɗaya cikin 10,000 na kaurin gashi, suka lulluɓe su da riga ta kitosan da gulukos. Rigar ba ta narkewa a tumbi. Sai ƙwayoyin sun isa hanta wasu sinadaran da ke can suke cinye ta, kuma sinadaran sun fi aiki idan sukari ya hau, wanda ke nufin ana sakin insulin ne gwargwadon bukata. Sun gwada a kan ɓeraye masu ciwon sukari, sukarinsu ya sauka ba tare da ya faɗi ƙasa da kima ba, sannan suka gwada a kan gwaggon biri marasa ciwon, kuma domin biran su yarda su ci ne aka zuba maganin a cakulan marar sukari. Wannan aiki ne mai kyau, ni kaina na yi farin ciki da karanta shi, amma sakamakon da aka wallafa na dabbobi ne.

Zancen hanta da na ambata shi ne babban abin da ya sa masana suka ƙi haƙura da wannan nema, fiye ma da gudun zafin allura. A jikin mai lafiya, gaɓar da ke samar da insulin, wadda ke kwance a bayan tumbi kuma Larabawa ke kira bankiriyas, tana zuba shi ne a cikin wata babbar jijiya da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta. Hanta ce rumbun sukari, ita ke ɓoye shi ita ke fitar da shi, kuma tana riƙe kusan rabin insulin ɗin tun a zagayen farko kafin ragowar ya bazu a jiki. Allurar da kike yi wa Mama a ƙarƙashin fata tana bin hanyar ne ta baya, tsoka da kitse su fara samu, hanta ta samu daga baya, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa masu allura yin ƙiba da fuskantar faɗuwar sukari. Abin da aka tsotsa daga hanji kuwa ta waccan jijiyar yake bi. Ke nan insulin na haɗiya, idan ya tabbata, zai fi kusa da yadda Allah ya tsara jiki.

To me ya hana? Abu biyu ne, kuma an gan su ƙarara a gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane. Na farko yawan abin da ke salwanta. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya gwada wata ƙwayar insulin a kan masu ciwon sukari nau'i na biyu, waɗanda jikinsu bai daina samar da insulin gaba ɗaya ba, aka wallafa sakamakon a 2019, kuma ƙwayar ta sauke sukari kusan daidai da allura. Duk da haka kamfanin ya ajiye aikin, domin sai an ba mutum fiye da ninki 50 na abin da ake yi masa ta allura, kuma sarrafa insulin mai wannan yawa ga miliyoyin mutane ya fi ƙarfin kasuwa. A watan Janairun 2023 kuma kamfanin Oramed ya sanar cewa kafsonsa na insulin bai cimma abin da ake nema ba a babban gwaji na mataki na uku, bayan shekaru ana sa masa rai.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magani, wato rashin tabbas na adadin da ke shiga jini. Insulin ba kamar maganin ciwon kai ba ne da ɗan ƙari ko ɗan ragi ba ya cutarwa. Idan kika murɗa alƙalami zuwa wahda 10, wato awo 10 na insulin, kin san kusan abin da ya shiga jikin Mama. Amma ƙwayar da kashi ɗaya cikin ɗari nata ke shiga jini yau, gobe kuma kashi biyu saboda bambancin abin da aka ci, ko gudawa, ko yawan ruwan da aka sha, ta ninka maganin ke nan ba tare da kowa ya sani ba, kuma ninka insulin yana iya sumar da mutum. Ga kuma tambayoyin da sai shekaru za su amsa: mene ne sakamakon sassauta bangon hanji sau uku a rana har tsawon rayuwa, alhali bangon nan shi ke tsare mu daga ƙwayoyin cuta, kuma ina ƙwayoyin dakon suke taruwa idan jiki bai fitar da su duka ba? Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon, Saudiyya kuma tana cikin ƙasashen da ya fi yawa, don haka ba a rasa masu son sayen maganin ba, ba a kuma rasa kamfanonin da ke son sayarwa ba. Abin da ya rage shi ne a tabbatar ba zai cutar ba, kuma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Yanzu bari in koma kan abin da za a iya gyarawa a wannan makon, wato gudajin da ke cikin Mama. Yawan yin allura a wuri ɗaya ne ke sa kitse ya taru ya yi tauri a ƙarƙashin fata. Masu ciwon sukan fi son a yi musu a kan gudajin domin ba ya zafi, amma insulin ba ya tsotsuwa daidai daga wurin, sai ki ga sukari ya ƙi sauka yau, gobe ya faɗi ba dalili. A bar wuraren nan su huta, a riƙa zagayawa tsakanin sassan ciki da cinya, a bar tazarar yatsa guda tsakanin allura da allura. Amma kafin ki koma sabon wuri ki sanar da likitanta, domin lafiyayyar fata ta fi tsotsar magani, kuma mai yiwuwa ya rage mata adadin. A canza kan allura kowane lokaci, domin wanda aka maimaita yakan dakushe ya yi zafi, a kuma nemi gajeren kai mai milimita 4. Na sha ganin tsofaffi da suka zo suna kukan allura, da aka sauya musu zuwa gajeren kai aka daina maimaitawa, suka dawo suna cewa ba su ma jin shigarta. Sannan ki faɗa wa likitan maganar da Mama ta yi cewa ta gaji, da bakinki, kada ki ɓoye. A shekarunta, likita yana iya duba sakamakon gwajin tarakumi, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku, ya ga ko akwai halin sauƙaƙa tsarin zuwa allurai kaɗan.

Tambaya daga wani mai karatu a Jidda:

"Malam, ina allurar insulin kuma ina azumi. Idan wannan ƙwaya ta fito, ba za ta karya azumi ba? Kuma na ji an ce da alade ake yin insulin."

Alhaji, hukunci na malamai ne, amma zan faɗi abin da aka riga aka zartar. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na goma da aka yi a nan Jidda a shekarar 1418 ta Hijira, daidai da 1997, ta bayyana cewa allurar magani ta ƙarƙashin fata ko ta tsoka ko ta jijiya ba ta karya azumi, matuƙar ba ta ciyarwa ba ce. Abin da aka haɗiye ya isa ciki kuwa yana karyawa, ko da magani ne. Ke nan a wannan fuska allura ta fi ƙwaya sauƙi ga mai azumi, domin ƙwayar sai dai a tsara shanta tsakanin buɗa-baki da sahur. Game da alade, gaskiya ne cewa shekara da shekaru daga jikin shanu da aladu ake ciro insulin, amma tun 1982 aka fara sayar da wanda ake sarrafawa ta hanyar ƙwayoyin halitta a masana'anta, kuma irinsa ne ke cikin alƙalaman da ake bayarwa a asibitocin ƙasar nan.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka ga likitanka makonni shida zuwa takwas kafin Ramadan domin a gyara maka adadi da lokaci. Ka riƙa auna sukari da rana, domin ɗan hudar yatsa ba ya karya azumi. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, ko ka ji rawar jiki da zufa da jiri, ka karya azumin nan take ko da saura minti kaɗan a kira magariba.

Tambaya daga wani direba a Madina:

"Maƙwabcina yana shan wata ƙwaya da safe, ya ce insulin na baki ne likita ya rubuta masa. Akwai kuma wani da ke tallar kafso a waya, ya ce an yi shi da nano, wanda ya sha wata uku zai bar allura. Wanne ne na gaskiya?"

Malam, ina kyautata zaton abin da maƙwabcinka ke sha shi ne Rybelsus, wanda Amurka ta amince da shi a 2019. Magani ne na gaskiya, amma ba insulin ba ne. Sunan sinadarinsa semaglutide, kuma aikinsa shi ne zaburar da jiki ya fitar da nasa insulin ɗin idan sukari ya hau, tare da rage son abinci. Saboda haka yana amfani ga masu nau'i na biyu waɗanda jikinsu ke samar da wani abu, ba ya kuma maye gurbin allura ga mai nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ya daina samarwa gaba ɗaya. Yadda ake shansa ma yana nuna wahalar da muka yi bayani a sama: sai da safe kafin a ci komai, da ɗan ruwa da bai wuce rabin kofi ba, a jira minti 30 kafin a karya kumallo, kuma duk da wannan kiyayewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne ke shiga jini. Ya yiwu a sayar da shi a haka ne domin yana daɗewa a jiki kwanaki, bambancin yau da gobe yana shafewa, kuma shi kaɗai bai cika kayar da sukari ƙasa da kima ba. Insulin na lokacin abinci ba shi da wannan rangwame.

Mai tallar kafson kuwa ka nisance shi, ka kuma gargaɗi duk wanda ka san yana sauraronsa. Babu insulin na haɗiya da Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ta yi wa rajista, kuma kalmar nano a jikin kwali ba ta tabbatar da komai. Mai nau'i na ɗaya da ya bar allura yana iya shiga mummunan hali cikin kwana ɗaya ko biyu: ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, daga nan suma. Wanda ya ga waɗannan alamu a kai shi sashen gaggawa ba tare da jira ba, ko a kira motar asibiti a 997. Idan kuma an kawo maka wani magani kana shakkarsa, kai shi saidaliyya da kwalinsa a duba maka, ko ka kira layin Ma'aikatar Lafiya a 937.

Tunda kai direba ne, akwai abin da zan ƙara. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini alƙalaminsa yana ƙorafin cewa maganin jabu ne, sukarinsa ya ƙi sauka mako guda. Da na tambaye shi inda yake ajiye shi, sai ya ce a aljihun gaban mota, kuma a tsakiyar bazara muke. Zafi yana lalata insulin ba tare da kamanninsa sun canza ba. Wanda ba a buɗe ba a ajiye shi a tallaja, wato firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara, domin daskarewa ma tana kashe shi. Wanda aka fara amfani da shi yawanci yana yin kimanin mako huɗu idan zafin wurin bai wuce digiri 30 ba, kuma takardar cikin kwali tana faɗin ainihin kwanakin kowane nau'i. Idan za ka yi doguwar tafiya tsakanin Madina da Makka, ka sa shi a 'yar jakar sanyi, ka naɗe shi da ƙyalle kada ya taɓa ƙanƙarar, ka kuma fita da shi duk inda ka tsaya sallah ko cin abinci.